Shafi Goma Sha Biyu na Malama Mariyatu

Malam Habila Yohanna mutumin kudancin Zariya ne a asali, amma a Sakkwato ya girma, inda babansa yake aikin kafinta. Ya yi shekara goma sha ɗaya yana koyarwa a firamare, har shekarar da gwamnatin soja ta ce kowane yaro a ƙasar nan sai ya shiga makaranta kyauta. Kuɗin man fetur ya gina azuzuwa ko'ina, malamai ne babu. Sai jami'o'i uku suka haɗa kai don su koyar da malaman ƙauye ta wasiƙa: a aika musu darasi ta gidan waya, su amsa su mayar. Aka buɗe ofishi mai ɗaki biyu a cikin gari, aka ɗauki Habila ya riƙa duba amsoshin.

Aikin ba ya ƙarewa. Kafin ya gama da buhu ɗaya na ambulan, an ajiye wani. Matarsa Asabe takan ce jan biro ya fi ta ganinsa. Duk da haka bai taɓa yin maki ya wuce ba, sai ya rubuta wa kowa layi biyu ko uku a ƙasan takardarsa.

A shekara ta biyu ya buɗe wata amsa daga Wamakko. An tambayi ɗaliban, wato malaman ƙauyen, yadda suke koya wa 'yan aji ɗaya karatu. Malama Mariyatu, wadda bai taɓa gani ba, ta cika shafi goma sha biyu. Ta ce yaranta sun riga sun san haruffan ajami tun daga gida, saboda haka ba ta ɗaukarsu kamar ba su san komai ba. Takan rubuta harafin da suka sani a allo, ta ajiye na boko kusa da shi, ta bi da su a hankali. Ta jera darussan wata uku, har da wuraren da yara suke rikicewa.

Habila ya karanta sau biyu, ya kai wa shugaban ofishin, Malam Siddiƙu. Suka yarda a aika wa kwamitin jami'o'in don su ga irin malaman da ke ƙauye. Habila da kansa ya manna kan sarki. Bai tambayi Mariyatu ba, abin bai ma zo masa a rai ba.

Bayan shekara ɗaya sabbin littattafan darasi suka iso daga ɗaya daga cikin jami'o'in, mai nisa da Sakkwato. Yana kwance ƙunshin ya ga babi na huɗu. Aikin Mariyatu ne, an juya shi Turanci, an gyara jeri, amma misalan duk nata ne. A bango sunan wani dakta ne shi kaɗai.

Ya shiga wurin Malam Siddiƙu ya ajiye littafin a teburinsa.

“Ranka ya daɗe, dubi shafi na talatin.”

Siddiƙu ya duba, ya cire tabarau ya shafa fuska. “Na gani. To mi kaka so in yi, Malam Habila? Yarjejeniyar da anka sa wa hannu cewa ta yi duk abin da ya shiga kwamiti na jami'o'in ukku ne.”

“Jami'o'in suka sa hannu. Ita ba ta sa ba.”

“Gaskiya ne. Rubuta musu, ni in sa hatimi.”

Ya rubuta. Wasiƙar farko ba a amsa ba. Ta biyu aka ce an miƙa wa ƙaramin kwamiti. Sai ta huɗu ce ta kawo amsa daga daktan da kansa, cikin ladabi, cewa dabarar tsohuwa ce a ƙasar Hausa, ba mallakar kowa ba ce, kuma amfanin yara aka duba. Habila ya san akwai ƙamshin gaskiya a ciki, wannan ne ma ya fi gajiyar da shi. Amma jerin darussan wata uku ba a hanya aka tsince shi ba.

Sai da ya yi wata biyu yana ɗagawa kafin wata Asabar ya hau babur ɗinsa ya nufi Wamakko. Ya same ta a gidan wanta, mace mai kimanin shekara arba'in, da goyo. Suka gaisa a zaure, ya ba ta littafin, ya faɗa mata komai, har da cewa shi ya aika.

Ta daɗe tana buɗe shafukan. “To wagga ita ta,” in ji ta. “Sun ma bar kuskuren da niy yi wurin wasali.”

“Laifina ne, Malama. Da na tambaye ki.”

“Da ka tambaye ni, da na ce a kai. Sai dai da na ce a bari in gyara, kuma a faɗi daga ina ta fito. Ɗiyan da nika koya wa sun ɗauka duk abin da ke cikin littafi daga can nesa yaka zowa.” Ta rufe shi. “In riƙe wanga?”

Ya ce ta riƙe. A hanyar komawa ya tsaya bakin gulbi ya daɗe zaune a kan babur.

Shekara uku ya yi yana bin maganar. A ƙarshe kwamitin ya ƙara sakin layi a yarjejeniyar: ba a ƙara buga aikin ɗalibi sai da izininsa a rubuce, da sunansa. A bugu na biyu aka sa layin godiya a shafin ƙarshe da ƙananan haruffa, aka kuma rubuta sunanta “Mariyama”. Habila ya ɗauki biro zai sake wasiƙa, sai ya ajiye. Ba shi da sauran ƙarfi.

Da kuɗin mai ya ja baya, sojoji suka sake karɓe mulki daga farar hula, aka rufe ofishin. Aka ce a kwashe tsofaffin amsoshin da ba a mayar wa masu su ba a ƙone, ko a bar wa masu ƙosai su naɗe kaya. Habila ya roƙi Malam Siddiƙu mabuɗi na wata biyu. Ya ware takardun gari gari, ya ɗaure da igiya, ya riƙa hawa babur yana kai wa masu su a Dundaye da Kwalkwalawa da ƙauyukan da ke bayansu. Wasu sun karɓa da murna, wasu sun manta sun taɓa rubutawa, wasu sun rasu sai ya ba iyalansu. Daga nan ya koma aji, ya koyar da 'yan aji uku har ya yi ritaya, gwiwoyinsa suna damunsa.