Keke a Falon Surukina

Wankan jegon ɗiyata ne ya kawo ni Greensboro, a Amurka. Na zo da niyyar wata uku, sai wata uku suka zama shekara, shekara ta kira 'yar'uwarta. Ɗiyata da mijinta suna zaune a saman bene, a wani dogon gida bayan High Point Road, inda motoci ba sa numfasawa. A nan ciwon suga ya kama ni da gaske. Yatsun ƙafata suka fara mutuwa, in taka ƙasa in ji kamar auduga nake takawa. Likita ta duba, ta yi magana mai tsawo, ɗiyata ta taƙaita mini: ko in motsa ƙafafun nan kullum, ko wata rana a yanke.

Tafiya ba baƙuwata ba ce. Ranar Lahadi na yafa mayafi na sauka. Amma hanyar nan ba a yi ta don mai ƙafa ba. Ina bin gefen ciyawa, wata babbar mota ta wuce, iskarta ta fizge mayafin daga kaina. A haka ɗiyata ta same ni, tana dawowa daga cefane. Ta tsayar da mota ta fito.

"Inna, so kike a kira ni in zo in duba gawa?"

Ba ta bar ni ba sai da na yi mata alkawari ba zan ƙara sauka daga matakala ni kaɗai ba.

Asabar ta gaba suka shigo da keke. Sun saye shi a irin kasuwar da mutanen nan ke bazawa a ƙofar gidajensu. Keke ne mai ƙafa ɗaya, kafe a ƙasa, kana tuƙawa yana tsaye. An haɗo shi da kaset, in an saka sai talabijin ta nuna hanya tana tahowa, kamar kai ne ke bin ta. Aka ajiye shi a falo, don can talabijin take, ɗakina kuwa gadona da na jikana sun cika shi.

Ran da aka fara saka kaset ɗin na zuba wa talabijin ido. Hanya ce ta shimfiɗaɗɗun duwatsu, ginshiƙai dama da hagu, wasu a tsaye wasu a kwance, ga teku can baya. Na san irin ginin nan. Muna da ƙuruciya, ni da Malam, Allah Ya jiƙansa, mun yi shekara huɗu a Libiya, a wani gari bakin teku da ke da kufan Rumawa. Aikinsa kwashe yashi da cire ciyawa daga tsakanin duwatsun. Kullum da rana nakan kai masa abinci a ƙafa, in ratsa kasuwarsu da babu kowa, in hau matakalan dandalinsu in sauka. Ranar Juma'a ya ɗora ni a bayan kekensa, ina zaune a karkace, mu zagaye kufan har bakin ruwa. Ɗiyata ta karanta bayan kwalin ta ce wannan wata ƙasa ce daban. Na ce to, magina dai ɗaya ne.

Ba a hawa abin nan da zane. Dole na sa wandon ɗiyata, ni da ban taɓa sa wando ba. Da safe in sun fita, jikana ya yi barci, sai in hau. In bi ginshiƙan nan ina haki, in gaida masu tafiya a ƙafa da jakunkuna a baya, su wuce ba su amsa ba. Akwai wata ƙofa ta dutse da nake son leƙawa, mai ɗaukar hoton bai taɓa juyawa wajenta ba. Duk da haka yatsuna suka fara jin sanyin ƙasa.

Sai aka mayar da surukina aikin dare. Ya dawo da asuba, ya yi barci zuwa hantsi, ya wuni a falo. Tun da ya auri ɗiyata ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa kiran sunansa ba. Ina zan hau keke a gabansa, da wando, ina ɗaga gwiwa? Na koma ɗaki. Daga gado zuwa taga taku huɗu ne, na ƙirga. Sati uku keke yana tsaye, har aka fara shanya tawul a kansa. Wani ɗan ciwo ya fito mini a ƙaramin yatsa, ya ƙi rufewa.

Ɗiyata ta gani tana shafa mini mai.

"Inna, kin daina hawa."

"Na ɗan huta ne."

"Hutun sati uku? Saboda shi ne, ko? Shi da ke ɗaukar ki kamar uwarsa. Nan Amurka ce fa."

"Ni ma na ga Amurka ce. In kika gaya masa, ban yafe ba."

Ko ta gaya masa, ko shi ya lura, ban sani ba har yau. Bayan kwana biyu, da ya idar da azahar, na ji ya ɗauki makullai. Ya tsaya a tsakiyar falo ya ɗaga murya, kamar da bango yake magana.

"Zan je in duba mota. Sai la'asar."

Lokacin sanyi ne. Na sa wando, na saka kaset, na hau. Da na sauka na leƙa ta labule. Ga motarsa a inda take kullum, bai ko tayar da ita ba. Yana ciki da rigar sanyi, ya jingina kai da gilashi, mutumin da zai kwana a tsaye wajen aiki.

Washegari ma motar ta buƙaci dubawa. Haka jibi. Ba ni da bakin ce masa ya hawo, na gama tun ɗazu, shi ma ba shi da bakin tambaya. Sai ya zauna a ƙasa har la'asar, ni a sama. Haka muka cinye sanyin shekarar. Ƙaramin yatsan dai ya tafi, likita ta cire shi da bazara. Sauran tara suna nan.