Ruwan Inabin Italiya da Tsiren Nuzla

Shekara goma sha huɗu na yi ina kai wa baƙi abinci a wani gidan cin abincin Italiya da ke unguwar Bagdadiyya. Sai aka kawo mana sabon manaja, wanda a haife bai kai ƙanena ba. Ranar da ya tara mu, kwalba ce a gabansa, jan ruwan inabi daga Italiya da aka cire wa abin maye. Ya ce kowa zai ɗanɗana, ya faɗi abincin da ya dace da shi. Wanda ya kasa, halas, shi ke nan, ya bar gaban baƙi ya koma wanke-wanke.

Ni karatuna bai yi nisa ba. Sai da abokin aikina ya karanta mini rubutun jikin kwalbar sau biyu, na tabbatar halal ne, sannan na yi bismilla na kurɓa.

Ba zan yi ƙarya ba, ya yi daɗi. Ba shi da zaƙin lemo, ba shi da tsamin zoɓo. Sumul yake wuce maƙogwaro, ya bar ɗan bauri a bayan harshe. Baurin nan ne ya tuno mini da tsiren da mahaifina ya riƙa gasawa a unguwar Nuzla har ya rasu.

Sauran ma'aikata suka jero sunayen taliya da cuku yadda suka haddace. Da aka zo kaina na ce, "Tsire. Mai ƙuli-ƙuli, da ɗanyar albasa."

"Ya ammi," in ji manajan da Larabci, wato baffa, "nan ba bakin titi ba ne."

Na ce, "Cewa ka yi mu faɗi abin da harshe ya ji."

Da na sani da a nan na tsaya. Washegari da la'asar na sayo tsire da zafinsa a takarda, na ajiye masa a tebur. Ya ci yanka uku yana kurɓar ruwan inabin. Kafin magariba aka miƙo mini safar hannu ta roba.

Bayan wata huɗu aka fito da sabon abinci: gasasshen nama a tsinke, an barbaɗa masa garin gyaɗa, an laƙaba masa sunan da bakina ba ya iya faɗa. Da waccan kwalbar ake kai shi. Ban taɓa ganinsa a tebur ba. Farantin ne ke dawo mini, da tsinkayen a kwance, da kofuna masu dogon wuya waɗanda sai a hankali ake wanke su.

Sau ɗaya na lashi ragowar yajin. Citta ta yi kaɗan. Ban gaya wa kowa ba.