Fadama a Firizar Saudatu

Saudatu 'yar Kura ce, 'yar manomin rani. Tun tana shekara bakwai take bin mahaifinta fadama tsinkar tumatir. Ta gama sakandare, ta auri Zulkiflu, malamin aikin gona, gwamnati ta turo shi Kuala Lumpur karatun digiri na uku. Aka ce mata shekara uku za su yi. Yanzu ana cikin ta biyar, tana hawa na goma sha ɗaya a unguwar Taman Melati, tana dafa zoɓo da kunun aya, ɗalibai na zuwa tapau, wato su saya su tafi da shi.

Ƙasa ce ta riƙe su, kuma ba ma tasu ba. Malamin Zulkiflu na aiki da wasu masu bincike a Finland, sai ya ɗora shi a kan rarraba ƙasar noman can aji-aji, daga wadda ta fi dacewa da shuka har wadda ba ta da amfani. Mutumin da bai taɓa ganin dusar ƙanƙara ba, ga shi da singileti a ƙarƙashin fanka yana yanke wa gonakin masu sanyi hukunci. Sau biyu malamin na dawo masa da babin. In ya dawo da shi karo na uku, sai an ƙara shekara. Saudatu kuwa ta riga ta gaya wa mahaifiyarta, Inna Hureira, wadda idonta ya fara dushewa, cewa da ita za a yi babbar Sallah.

Wata rana ta buɗe firiza ta tarar da robobin askirim shida a kan kunun ayarta.

"Baban Walida, mene ne wannan?"

"Samples ne. Firizar lab ta cika. Kwana uku kawai, lah," in ji Zulkiflu, da bakin 'yan Malaysia.

"Ƙasa ce fa."

"Ƙasa ce da ta hau jirgi da takardar izini. Kalli wannan." Ya buɗe wata baƙa, jiƙe sharkaf. "Fadama ke nan sak. Ita na sa a aji na ɗaya, Prof ya ce a'a. Don Allah a Kura wa zai ba da fadama ya karɓi jigawa?"

Babu, ta san babu. Ta rufe firizar da ƙarfi.

Kwana uku ya zama sati uku. Kunun aya ba ya jira, sau biyu yana tsami tana zubarwa. Ran wata Juma'a, ana jiran kwalba arba'in, Zulkiflu na fita da sassafe ta kwashe robobin kaf ta jera su a baranda.

Hannun manomi ba ya ganin ƙasa ya wuce. Da hantsi ta fito shanya, ta tsoma yatsa a wata mai yashi: ta saki, har ta yi ɗumi. Ta taɓa baƙar, dutse. Da azahar tsakiyarta na nan daskare. Sai la'asar ta narke, ta zama taɓo mai sanyi, ruwa kwance a kai.

Zulkiflu ya dawo ya ɗora hannu a ka.

"Innalillahi! Saudatu, kin kashe ni!"

"Ba ka mutu ba. Zo nan. Wata nawa mutanen nan suke da shi na noma?"

"Uku. In an yi sa'a huɗu."

"To sa yatsa. Fadamar taka a zafin Malaysia ma sai la'asar ta saki. A can wa zai jira ta? Kafin ta sha iska mai jigawa ya yi noman farko. Mu ruwa muke nema, shi ya sa muke rububin fadama. Su ruwan ne ya ishe su."

Ya sa yatsa, ya daɗe bai cire ba.

"Ai Prof ya yi maganar soil temperature..."

"Sau biyu ya yi. Kai hankalinka na Kura."

Sati guda ya yi yana sake lissafi, baƙar ƙasa ta gangaro aji na huɗu, da sharaɗin sai an yi mata magudanar ruwa. Malamin ya sa hannu.

A shafin godiya Zulkiflu ya rubuta cewa yana gode wa matarsa bisa haƙurinta. Da ya karanta mata, ta ce ya goge, ita ba ta yi haƙuri ba, firizarta take so. Ta miƙa masa soso da sabulu ya wanke firizar, ta ɗauki waya ta kira Kura, ta ce a gaya wa Inna a bar mata wuyan rago.