Daddawa a Gidan 'Yar Japan

Ni ban taɓa zama a aji ba, amma akwai kalmar Turanci guda da na riƙe, kuma a gidan wata mata 'yar ƙasar Japan na tsince ta, a nan cikin Jidda.

Jikata ce sanadi. A unguwar Bagdadiyya aka haife ta, ta yi karatu har Turanci ya zauna a bakinta kamar Larabci, amma da ta gama sai zaman gida. Duk inda ta nemi aiki sai a dubi iƙamarta, takardar zama ta baƙi, a ce gurbin na 'yan ƙasa ne. Yarinya ta rame, ta daina dariya. Ana nan ana nan, wata ƙawarta ta haɗa ta da wannan mata, wadda mijinta injiniya ne a wurin tace ruwan teku. Matar tana neman mai koya mata Turanci a gida. Ta ce a gwada wata guda. In ta ji daɗi a ci gaba, in ba ta ji ba, halas, shi ke nan.

To, mu budurwa ba ta shiga gidan baƙi ita kaɗai. Uwarta tana wurin aiki, sai rakiyar ta faɗo kaina.

"Yalla ya Sitti, za ki sa mu makara," in ji jikata, tana tsaye a bakin ƙofa. Sitti take kirana, wato kaka.

Na ce, "Ke da kika shekara a kwance, yau kika san makara?"

Gidan matar tsaf yake. A bakin ƙofa ake tuɓe takalma, kamar namu. Ita kuwa 'yar siririya ce, muryarta can ƙasa, in za ta gaishe ka sai ta rusuna. Su zauna a teburi, ni in zauna a kujerar da ke kusa da ƙofa da carbina. In littafi ne matar tana karantawa ba gargada, amma da jikata ta rufe shi ta ce ta yi magana, sai bakin ya ɗinke. Ta yi murmushi, ta ce "hai", ta sunkuyar da kai. Haka aka yi ta tafiya, watan yana ƙarewa, jikata tana komawa gida jiki a sanyaye.

Ni kuma ina da 'yar sana'ata, daddawa. Ƙasar nan ba ɗorawa, saboda haka da waken soya nake yi. In sayo shi a kasuwar Balad, in dafa shi ya yi luguf, in rufe shi a saman soro cikin zafi har ya ruɓa ya fara yauƙi, sannan in daka, in mulmula, in shanya. Masu saye a wurina yawancinsu a unguwar Aziziyya suke, kan hanyarmu ta komawa, don haka nakan zuba ta a jaka, leda cikin leda, in ajiye jakar a gefen takalmanmu. Na san abin da warin nan yake jawowa. Shekarun baya maƙwabta sun taɓa kai ƙararmu wurin mai gida a kansa, har muka tashi daga gidan.

Wata rana darasin ya zo kan kalmar nan. "Fain aut," in ji jikata. Matar ta maimaita, ta ƙara mata jela a ƙarshe, kamar yadda mu ma muke yi wa kalmomin Turawa. Suka daɗe a kanta. A cikin tasi na tambayi jikata ma'anarta.

Ta ce, "Ba gani ba ne kawai, ya Sitti. Abu ne ba ki san shi ba, ki bi sawunsa, ki bincika, har ki gano gaskiyarsa. Na ba ta aiki. Ta nemo abu ɗaya da ba ta sani ba, ta bincika, ta faɗa mini da bakinta, ba littafi."

"In ba ta faɗa ba fa?"

Ta juya tana kallon titi.

Zuwanmu na gaba a kwanakin gumin nan ne na Jidda, lokacin da iska take jiƙe, shanya ba ta bushewa. Daddawar da ke jakata ba ta gama bushewa ba. Ana cikin karatu na ga matar ta ɗaga hanci. Ta nemi izini ta tashi, ta buɗe firji ta rufe. Ta leƙa kwandon shara. Ta tsaya ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki tana shaƙa. Daga nan ta taho wajen ƙofa a hankali, ta tsaya kusa da ni, ta rusuna mini, ta koma. Carbin ya tsaya a hannuna.

Muna fita jikata ta ce, "Sitti, jakarki ce. Wallahi jakarki ce. Haram alaiki, aiki ɗaya na samu a duniya."

Na ce, "Da kuɗin warin nan aka sai miki takalmin makaranta, 'yar gayu."

Na faɗa ne kawai, amma maganarta ta shige ni. Ranar ban kai wa kowa daddawa ba. Da ranar darasi ta zagayo na bar jakar a gida, na wanke abayata, na turara ta, na goge hannuwana da lemun tsami. Muka tafi.

Matar ta buɗe mana ƙofa, ta rusuna. Sai na ga idonta ya sauka a gefen takalma, inda jakar take zama. Ta dubi wurin, ta shaƙi iska, ta sake duban wurin. Suka zauna. Jikata ta miƙa hannu za ta buɗe littafi, matar ta ɗora tafinta a kai. Ta ja numfashi, ta faɗi kalmar nan tasu, ta nuna bakin ƙofa.

Jikata ta juyo, fuskarta ta yi fari. Ta ce mini da Hausa, "Ta ce ta gano. Yau ba jaka, ba wari. Ashe jakar ce." Ta koma ta shiga ba ta haƙuri, kalma na bin kalma.

Matar ta girgiza kai da sauri. Sai ta fara magana. Tana yi tana tsayawa, tana laluben kalma a sama da hannu, in ta samu ta ci gaba. Ban taɓa jin ta yi magana mai tsawon haka ba. Jikata tana saurare, tana juyo mini da shi guntu-guntu.

Wai a garinsu akwai wani wake da ake ruɓarwa, a ci da shinkafa da safe. Uwarta ce take yi mata. Tun da ta zo ƙasar nan ba ta ji ƙanshinsa ba, sai da muka fara zuwa. Da fari ta ɗauka kewar gida ce take taɓa mata kai. Ta bincika ko'ina a gidan ba ta samu ba. Ta lura ranakun darasi kawai yake zuwa. Kuma ba ta iya tambaya ba, domin a wurinsu babban rashin kunya ne ka ce wa baƙo ka ji wani wari tare da shi.

Na ce wa jikata, "Ƙanshi ta ce ko wari?"

"Ƙanshi, ya Sitti."

"To, ki ji da kunnenki."

Na kai mata daddawar a zuwa na gaba. Ta juya baƙin curin a hannunta, ta sansana, ta ce kusa ne, amma ba shi ba ne. Nasu wake ne sak, yana jan zare. Na ce wannan ai daddawar da ba a gama ba ce, wadda take kan soro ba a daka ba. Da jikata ta faɗa mata, sai ta haɗa tafukanta biyu ta roƙi a kai ta ta gani.

Ta zo Bagdadiyya da la'asar, cikin baƙar abaya, da 'yar kular shinkafa da tsinkayenta biyu na cin abinci. Ta hau matakalar nan tamu mai duhu har saman soro. Na ɗaga buhun da na rufe waken da shi, zafi da wari suka taso. Ta durƙusa, ta ɗebo da tsinken, zaren ya biyo. Ta ɗora a kan shinkafa ta kai baki.

Na ce, "Ɗanye? Ba miya, ba komai?"

Jikata ta ce, "Ke da kike shan kuɓewa kina lasar hannu."

Matar ta ci a nutse, idonta a rufe. Ta ce nawa ya fi na uwarta ƙarfi, a rage masa kwana. Ta miƙo mini loma. Na karɓa don kada in kunyata baƙuwa, na haɗiye da ƙyar. Ta ga yadda fuskata ta yi, ta rufe baki da hannu tana dariya, jikata ma ta kama.

Kafin ta sauka ta tambayi jikata yadda ake cewa tafasa da rufewa da jira da Turanci, domin tana son ta koyi yin waken da kanta, ni kuwa ba mu da harshen da ya haɗa mu sai ta bakin yarinyar. Suka tsaya nan kan soro suna darasi har aka kira magariba. Watan gwajin ya cika ya wuce, ba wanda ya tayar da zancensa. Sai dai ta roƙi a mayar da darasi ɗaya na kowane mako gidanmu, ranar da nake dafa wake.