Yaya Ya Juya Shi Gabas

Yayana mahauci ne. Kakanmu daga Borno ya zo Fagge da fatauci, babanmu ya shiga kwata, Yaya ya gaje shi. Tun ina yarinya, in aka yi haihuwa a layinmu na Rijiyar Lemo, shi ake kira. Liman ya raɗa suna, Yaya ya yanka rago. Shi ya yanka na sunan ɗana, kuma da mijina ya rasu shi ya riƙe mu. Shi ne ma ya tura ni makarantar yaƙi da jahilci bayan furfura ta fara leƙo mini. Ya ce, "Auta, bakinki ya ishi unguwar nan. Je ki koyi rubutu ko kunnenmu ya huta." Na je, na koya. Ga shi yau da rubutun nake ba da labarinsa.

Ni abinci nake sayarwa a bakin kasuwar Sabon Gari, shinkafa da wake da miya, kuma naman tukunyata daga teburin Yaya yake zuwa. A rumfata masu fim ɗin suka gan shi. Samari ne, sun zo cin abinci, shi kuma ya shigo da cinya a kafaɗa. Babbansu ya ajiye cokali ya bi shi da ido. Fim ɗin ban tsoro za su yi: wani mahauci ne aka yi wa ƙazafin sata, 'yan unguwa suka taru suka kashe shi, sai ya taso daga kabari yana bin su ɗaya bayan ɗaya da wuƙa. Ƙofa ba ta tare shi, gudu ba ya tsere masa. Suna neman dattijo mai faɗin kafaɗa, kuma ba sai ya yi magana ba.

Na ce, "Yaya, kai da fim? Da girmanka?"

Ya ce, "Yara ne suka roƙa. Tsayuwa kawai zan yi."

Ƙarya yake, daɗi ya ji. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa tsakanin ƙudaje da ƙashi, yau an ce fuskarsa ake so. Kullum ya dawo daga wurin ɗaukar sai ya biyo ta rumfata yana dariya, da ragowar tokar da aka shafa masa a bayan kunne. "Auta, wuƙar katako suka ba ni, sun shafa mata fenti. Ko kuɓewa ba za ta yanka ba. Jinin kuwa zoɓo ne da sitaci, har yaron da na kashe yau ya lashe nasa."

Da aka sa fim ɗin a intanet, a shagon Madam muka kalla da rana tsaka. Madam 'yar ƙabilar Ibo ce, haifaffiyar Sabon Gari, tana sayar da manja da agushi da busasshen kifi a kusa da ni. Mun daɗe muna faɗa muna shiryawa. Ta jingina wayarta a jikin galan ɗin manja, mutane suka taru: tela na tsallaken hanya, mai gyaran waya, masu dako, da matan da suka zo cefane suka manta da cefanen. Yaya bai zo ba, yana kan teburinsa.

Da farko dariya aka yi ta yi.

"Fatalwa da takalmin roba?" in ji tela.

"Kai, wannan fatalwar haki take yi. A ba ta kujera."

"Jinin nan zoɓo ne wallahi. Ko kanumfari ba su tace ba."

Madam ta ce, "Ku duba wannan sakaryar. Kin ji motsi a ɗaki, ki fita waje mana! A'a, sai ta leƙa. Leƙa, 'yar uwa, leƙa, ke za a fara ci."

Ni ma na yi dariya har da hawaye. Sai aka zo wurin.

Fatalwar ta ritsa wani saurayi a cikin kango. Daga baya na ji cewa babu wanda ya gaya wa Yaya yadda zai yi, cewa kawai aka yi ya kama shi ya yanka. To, ya kama shi. Bai daka masa tsawa ba, bai zare ido ba. Ya mayar da wuƙar bayansa don kada yaron ya gan ta. Ya kwantar da shi a hankali ta ɓarin hagu. Ya ɗaga kai ya dubi sama kamar mai neman wani abu, sannan ya ja kafaɗar yaron ya juya shi ya fuskanci gabas. Ya shafa masa wuya, sannu, yadda ake lallashin jariri. Leɓensa ya motsa.

Wata mata ta saki ledar tattasai.

Ni na san abin da na gani. Na gan shi tun ina goye. Ba a nuna wa dabba wuƙa, tausayi ne. Ana shafa mata wuya don hankalinta ya kwanta. Ana juya ta gabas, a ambaci sunan Allah. Hannunsa ne ya yi aikin da ya saba, shi kansa yana can yana tunanin takalmin robarsa.

Madam ce ta fara magana. "Hajiya, na kalli fina-finan tsoro tun ina budurwa, na Turawa da namu na kudu. Duk ihu ne da zare ido. Yayanki ko tari bai yi ba, amma ji jikina." Ta miƙo mini hannu, tsigar jikinta duk ta tashi. Yabo take yi, har ga Allah.

Tela bai yaba ba. Ya ce, "Me ya faɗa da bakinsa?"

Kowa a wurin ya sani.

Kafin sati ya zagayo, an yanko wannan wurin shi kaɗai, yana yawo daga waya zuwa waya. A ƙasan fim ɗin akwai inda mutane ke rubuta ra'ayinsu. Da ban yi makaranta ba, da sai dai a gaya mini, mai gaya mini kuma zai rage. Amma na iya karatu, sai na zauna a bayan tukunya ina bi layi layi da yatsa.

Wasu sun ce fim ɗin shirme ne, labarin ba kai ba gindi, dattijon nan kaɗai ya cece shi. Wasu sun ce sun kasa cin nama. Wata ta rubuta, "Mata, in maigida ya fara shafa miki wuya, ki duba ina gabas take." Wannan ko ni sai da na murmusa. Amma akwai waɗanda suka ce ya ambaci sunan Allah a kan wuyan ɗan Adam, ya yi wasa da addini, a kama shi. Akwai kuma waɗanda suka fi ci mini rai, masu cewa, "Wannan ba wasan kwaikwayo ba ne. Ku dubi hannun. Ya taɓa yi."

Na ce ba za a yi haka ina raye ba. Ni da ko ɗan dako ya taka mini tabarma sai kasuwa ta ji, zan bar wasu marasa fuska su ci naman yayana? Na fara mayar musu da amsa. Da yatsa ɗaya nake rubutu, ina neman kowane harafi kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Na rubuta cewa mahauci ne, cewa tausayi ne, cewa wuƙar katako ce. Kafin in gama amsa wa mutum ɗaya, wasu sun cika wurin sun ture tawa can ƙasa. Wani ya ba ni amsa: "Kaka, je ki ja carbi." A kasuwa da na shaƙe shi. A nan ban san ko a Kano yake ba.

Na nemi babban masu fim ɗin har ofishinsu, wani ɗan ɗaki a saman bene a Titin Ibrahim Taiwo. Na ce, "Ka ga bakinsa ya motsa lokacin da kake haɗa fim ɗin?"

Ya sunkuyar da kai. "Na gani, Hajiya. Wurin ne ya fi kyau."

Na wanke shi tas, har maƙwabtansa suka leƙo. Ya tsaya ya sha, bai musa ba. Da na gaji ya ce, "Wallahi ko na cire nawa yanzu, yana cikin wayar kowa. Ba ni da yadda zan yi." Na duba fuskarsa na ga gaskiya yake faɗa. Na sauko daga benen na koma rumfata.

A rumfata aka fara cewa, "Hajiya, sa mini kifi yau." Mutanen da a da suke roƙona ƙarin tsoka ke nan. A teburin Yaya, matan da suka saba tsayawa suka koma wucewa suna gaishe shi daga nesa. Madam ta ja matan cocinsu suka riƙa saye a wurinsa, Allah ya saka mata. Amma wasu 'yan mata sukan zo ba don nama ba, su ce, "Baba fatalwa, ɗaga wuƙar mu yi hoto." Yaya ya je wurin limaminmu ya ba shi labari. Liman ya ce babu niyya babu laifi, ya yi istigfari ya manta. Maganar Liman ta tsaya a zauren Liman. Ba wanda ya yanko ta ya tura wa wani.

Wata rana da la'asar na kai wa Yaya abinci, ya ce, "Auta, ban san na faɗa ba. Sai da na gani a wayar wani."

Ana cikin haka matar ɗana ta haihu, namiji, jikana na fari. Ana jibi suna ɗana ya shigo ɗakina yana susar ƙeya.

"Umma, dangin maijego sun yi wata magana."

"Wace magana?"

"Wai ko a samu wani ya yanka ragon. Ba wai wani abu ba. Don dai bakin mutane."

"Wa ya yanka naka?"

"Kawu."

"Ka mutu?"

"Umma, ki gane..."

"Na gane sarai. Je ka gaya musu, ragon nan a ƙofar gidan nan za a yanka shi, kuma yayana ne zai yanka. In ba haka ba, su zo su ɗauki ragonsu, sunan ma su raɗa a can."

Na aika wa uwar maijego da saƙon da ya fi wannan zafi. Suka janye. Na kwanta ina jin na ci nasara. Wannan faɗan dai irin nawa ne, da mutane masu fuska da gida.

Ranar suna da safe, bayan Liman ya yi addu'a an raba dabino da goro, aka jawo ragon. Ina tsaye a bayan ƙofar zaure ina leƙe. Yaya ya fito da farar riga, ya naɗe hannu. Mutane sun fi na kowane suna da na taɓa gani a layinmu, har da fuskokin da ban sani ba. Ya kama ƙahon ragon, ya mayar da wuƙa bayansa.

Sai na ga wayoyi suna tashi. Nan ɗaya, can ɗaya, sannan ko'ina.

Ya kwantar da ragon ta hagu. Ya juya shi gabas. Wani daga baya ya ce da raɗa, amma kowa ya ji, "Kai, sak!" Wani ya danne dariya.

Na fito. Ban damu da cewa taron maza ne ba. Na ce, "Ku sauke wayoyin nan, marasa kunya! Gidan suna kuka zo ko gidan kallo?" Wasu suka sauke. Wasu suka juyo da su kaina.

Yaya bai ɗago ba. Hannunsa yana kan wuyan ragon, bai shafa ba, bai ɗauke ba. Ya sunkuyar da kai har gemunsa ya taɓa ƙirji, yana ɓoye bakinsa. Na zuba wa leɓen ido ina jira. Ragon ma ya daina motsi.

Ya miƙe. Ya juya wuƙar ya miƙa wa Liman ta ƙota. Ya ce, "Malam, taimaka."

Liman ya ce, "Haba, Alhaji, aikinka ne."

"Taimaka dai."

Ya durƙusa ya riƙe ƙafafun ragon, aikin da ake ba wanda bai iya komai ba. Liman ya yanka.

Tun ranar Yaya bai ƙara shiga kwata ba. Yana sayen naman da wasu suka yanka ya sassara a teburinsa. Na yi masa magana, na yi faɗa, na yi kuka. Sai ya ce, "Auta, bar shi."

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai ba a ƙofar gida ya faru ba. Da hantsi ranar sunan, na sa aka shigo da shi ya ga jaririn. Ɗakin cike da mata, dangin maijego a gefen gado. Na ɗauko yaron na sa masa a hannu. Ya karɓe shi yadda kowa ke karɓar jariri, tafin hannu a ƙarƙashin wuya don kada kan ya langaɓe. Hirar ɗakin ta tsaya. Uwar maijego dai ta ɗan matso bakin gado.

Yaya ya dubi hannunsa. Ya miƙo mini yaron da sauri.

"Karɓe shi, Auta. Hannuna da sanyi."

Na karɓa. Na buɗe baki, na duba ɗakin ina neman wadda zan fara da ita, ban samu ba. Ya sa takalminsa ya fita.