Sha-Rana, Wanda Ya Ɓoye Awon Tanda a Kansa

Rowar ilimi ce laifin wannan bawan Allah, kuma ita ta cinye aikinsa. An rubuta tarihinsa don na baya su ji.

Haihuwa da karatu

An haife shi a shekarar 1968, a ɗakin da ke bayan shagon mahaifinsa, mai gyaran agogo. Mahaifiyarsa tela ce. Ya kammala jami'a a 1992, inda abokai suka laƙaba masa Sha-Rana saboda yawan tsayuwarsa a saman bene yana auna haske.

Aure

Ya auri wata ma'aikaciyar jinya a 1997, Allah ya ba su 'ya'ya uku.

Aiki

Daga 2003 ya duƙufa a wani ɗakin bincike kan farantin sola wanda fatarsa mai shan haske ta fi gashin kai siranta ninki ɗari. Irin wannan fata ba ta cin kayan haɗi, amma haske ratsa ta yake yi ya wuce. Shi ya gano yadda ake gasa ta a tanda har ta fitar da 'yan tuddai da ido ba ya gani, haske ya shiga ya yi ta kai-komo ya rasa mafita.

Ƙa'idar ɗakin bincike ita ce a rubuta zafin tanda da mintocin gashi a littafin aiki. Shi kuwa, don tsoron a riga shi, sai ya riƙa rubuta awon ƙarya, na gaskiya ya bar shi a kansa. Wata abokiyar aikinsa ta taɓa ce masa, "Malam, kan nan naka fa ba akwatin ƙarfe ba ne." Ya ce, "Har yanzu dai bai yi tsatsa ba." Babbar 'yarsa, wadda ta karanci fanninsa, ta roƙi ya koya mata, ya ce sai ta ƙara hankali.

Ciwo da rasuwa

A 2019 shanyewar ɓarin jiki ta tafi da harshensa da hannunsa na dama. 'Yar ta riƙa karanto masa lambobi ko zai gyaɗa kai a kan na gaskiya, amma shi kansa sun ɓace masa. Shekara biyu abokan aikinsa suna gashi bisa awon littafin, fata tana ƙonewa.

Ya rasu a 2021, aka yi jana'izarsa bayan azahar. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya uku: babbar, da mai bi mata, direba, da auta, malamin makaranta. Ya yi asarar aikin shekara goma sha shida, da littattafai tara da ba a gaskata layi guda a cikinsu, da farantinsa ɗaya tak mai aiki, wanda laima ta lalata. Ɗakin binciken kuma ma'ajiyar karyayyun kujeru ce yanzu.