Sakhan a Bangon Makewayi

Ban taɓa neman ruwan zafi a bango ba. Tun tasowata a Gadarif, in sanyi ya shigo kanun, wato murhun gawayi, muke hurawa, a ɗora tukunya, a sirka a bokiti, a yi wanka. Haka ubana ya yi har ya bar duniya, kuma ba sanyi ne ya kashe shi ba.

Abin ya shigo gidana ne tare da ƙanin matata, shekarar da yaƙi ya koro mutanen Hartum. Ya iso a bayan lori da matarsa da 'ya'yansa, ba katifa, ba tukunyar girki, amma ga wani farin abu kamar ganga naɗe a bargo, ya rungume shi kamar jariri. Na ce mene ne wannan. Ya ce sakhan ne, na dumama ruwa da wutar lantarki, da hannunsa ya kwanto shi daga bangon gidansa. Mutum ya bar gado ya ɗauko wannan. Na taya shi sauke shi, baƙo ne, kuma a gajiye yake.

Na ba su ɗakin zinki, muka koma cin tuwo kwano ɗaya. Ya nemi aiki bai samu ba. Da can a ofis yake, mai karatu ne, ni kuwa aji nawa na yi na bi tarakta zuwa gonakin Gadambaliya, shi ya sa nake kiransa Ustaz. Yana jin tsokana ce, yana dariya. Amma na lura in an kawo abinci loma kaɗan yake yi ya janye hannu.

Da sanyi ya kama, ciwon gaɓoɓin Inna, mahaifiyata, ya tashi. Yatsunta suka ƙage, ko buta ba ta iya riƙewa. Wata safiya ya gan ta tana jiran gawayi ya kama don a dumama mata ruwa, sai ya same ni a ƙofar gida.

"Yaya, sakhan ɗin nan yana kwance ƙarƙashin gado. Mu rataya wa Hajiya shi."

"Ustaz, ruwanmu a karo ake kawo shi, jaki ke ja. Ko jakin za mu rataya tare da shi?"

"Ka bar wasa. Ina cin abincinka ban ba ka kome ba. Ka bar ni in yi wannan."

To, in mutum ya faɗi haka, me za ka ce masa? In na ƙi, na ce masa ke nan ba shi da abin bayarwa.

Kyauta ce, amma ita ta fi cin aljihuna a shekarar. Mai haɗa famfo ya zo ya ce abin ba ya aiki sai ruwa ya sauko masa daga sama, don haka sai an sayi tanki an ɗora kan ginshiƙi. Aka yi. Ya ce wayar gidana siririya ce, za ta narke, sai an ja wata. Aka ja. Ya ce in aka kunna shi ba ruwa a ciki ya ƙone ke nan, a gidan da ruwa ke yankewa ba sallama in mai jaki bai zo ba. Duk waɗannan na haɗiye. Bangon ne ya tsaya mini.

Wanda bai zauna Gadarif ba bai san ƙasarmu ba. Baƙar laka ce. Da damina ta kumbura, da rani ta dare har ƙafar akuya ta faɗa ciki, kuma duk abin da aka gina a kanta yana motsi tare da ita. Bangon makewayina na jan bulo ne da laka, yana da wata tsaga da na sani shekara da shekaru. Damina ta rufe bakinta, rani ya buɗe. A lokacin ƙasa ba ta gama bushewa ba, tsagar kamar zare take. Ustaz kuma, don ya faranta mini, ya riga ya shafe bangon da farar ƙasa kafin mai famfo ya zo. Mutumin ya ƙwanƙwasa da guduma ya ce, "Zai riƙe, in sha Allahu." Na ce masa akwai tsaga a nan. Ya duba bai ga kome ba. Ustaz ya ce a Hartum shekaru ya yi a rataye bai motsa ba. Ni kaɗai na zama mai baƙin baki, aka huda bango aka ɗaura shi da ƙusoshi biyu.

In ya cika da ruwa ya kai nauyin buhun dawa. Kuma daidai ƙarƙashinsa ne kujerar wanka take, don makewayin ba shi da faɗin da za a matsar da ita.

Inna ta ji daɗinsa, ba zan ɓoye ba. Yatsunta suka saki, ta koma jan carbi, ta dinga sa wa Ustaz albarka. Shi ma ya fara cin tuwo ya ƙoshi. Ni kuwa kullum na shiga sai na ɗaga kai. Farar ƙasar ta fara tsagewa. Da fari farce nake sawa, daga baya bakin makulli ya shiga. Tsagar tana hawa ne a karkace, tana nufar ƙusar hagu. In ina shan shayi na ji an saki bokiti a ƙasa, sai in ruga makewayi in duba.

Ga shi lokacin girbin dawa ya yi. An ɗauke ni aiki a wata gona bayan Doka, inda waya ba ta kamawa sai ka hau kan lori, kuma in ka tafi sai an gama. Aikin nan shi ne abincin gidan har damina, gidan da bakunansa suka ninka. Ranar da lori zai tashi na shiga makewayi da safe, na sa ɗan yatsana a tsagar, ya shige har gaɓa. Garin laka ya zubo daga gindin ƙusar.

Na fito na samu Inna a rana, kan tabarma.

"Inna, in na tafi kar ki ƙara zama ƙarƙashin abin nan. Ki yi haƙuri a koma kanun."

Ta dube ni kamar na zare. "Ni yaushe na shiga? Abin da ke huci kamar maciji? Ɗiyata ke tara mini a bokiti ta kawo nan."

Matata take nufi. Tana gefe tana tsince wake, ba ta ko ɗago ba ta ce, "Ni nake shiga, Malam. Kowace alwala. In na duƙa tara ruwa ƙasa na zubo mini a ɗankwali, na ɗauka ka sani. Yaran ma a can nake musu wanka, nawa da na ƙanina."

"Me ya hana ki faɗa?"

"In faɗa wa wa? Kai ka biya, shi ya bayar. Wanne zan ɓata wa?"

Direban lori ya aiko a ce mini suna jira. Na ce su tafi. Na kashe wutar, na rufe tanki, na buɗe famfo ruwan ya tsiyaye a baho, sannan na kira Ustaz. Da ya ga sifana a hannuna fuskarsa ta canza.

"Yaya, in zamanmu ne ya ishe ka, ka faɗa. Ba sai ka sauke shi a gaban mata ba."

"Kawo yatsanka," na ce.

Na kama hannunsa na tura a tsagar. Ya tsaya haka, yatsa a bango, yana kallon kujerar da ke ƙasa. Sai ya sa kafaɗa ya tallabe abin na kwance. Ƙusar hagu ban ma murɗa ta ba, ta biyo hannuna da guntun bulo a jikinta.

Mai walda ya yi mana ƙafafun ƙarfe huɗu da faɗin gindi, muka ɗora sakhan ɗin a kai, muka tsayar a waje bayan makewayi, inda ba mai zama, aka huda bango famfo kawai ya shiga. Mummunan abu ne, kamar kejin kaji. Ustaz ya yi kwanaki yana cin abinci a ɗakinsa. Gurbina a gonar an ba wani, sai a Fashaga na samu wuri, da nisa da ƙarancin lada. Kafin in hau lorin na je na kama ƙafafun ƙarfen na girgiza da duk ƙarfina. Matata ta leƙo ta taga ta ce, "Ka tafi, Malam, kar kai ka kayar da shi."